Shekara Magini da Jinkar Illa

Duk wanda ya zauna a Matameye a shekarun da suka biyo bayan yunwar Kakalaba ya san Shekara magini, kuma ban san mutum ɗaya da ya yini yana aiki a ƙarƙashinsa bai koma gida yana tsaki ba. An ce cikinsa ya daɗe a jikin uwarsa har ya zarce watannin da aka saba, shi ya sa aka raɗa masa wannan suna. Tata ungozoma, wadda sa'arsa ce, kuma ita kaɗai ke iya mayar masa da magana, takan ce ba wata lalura ce ta riƙe shi ba. Cewa aka yi ya fito, shi kuwa ba ya yin abu don an ce ya yi.

A Dawce aka haife shi. Ubansa noma kawai ya sani, ginin a hannun wani kawunsa ya koya, wanda ya daɗe yana yi wa attajiran Damagaram soraye. Yana saurayi ya zo Matameye zai gina wa wani bafatake rumbu, ya ga Lalla a bakin rijiya, sai rumbun ya cinye rani guda bai ƙare ba. Ya aure ta, ya zauna. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa kamar busasshiyar fata, muryarsa kuwa in yana faɗa a bayan gari ana jin abin da ya ce a tsakiyar kasuwa.

Suna da 'ya guda lokacin da ruwa ya ƙi. Nasara bai daɗe da zama a Damagaram ba, ga fari ga lanho, wato harajinsa. Mutane suka cinye iri, suka ci dusa, suka tona gidajen tururuwa, daga ƙarshe suka koma ga anza. Ga wanda bai san ta ba, 'ya'yan wani ɗan itace ne na daji, ɗacinsu ya fi na maɗaci, ba sa ciwuwa sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana zubar da ruwan ana sake wani. Wanda yunwa ta hana shi jira, cikinsa ke biya. Lalla da yarinyar ba su ga damina ba. Shekara bai taɓa ba kowa labarin ba, ba a kuma tambayarsa. Da abinci ya dawo, garin gaba ɗaya ya yi kamar bai taɓa jin sunan anza ba. Ta zama abin gori. In mata biyu na faɗa, wadda ta rasa ta cewa sai ta tuna wa 'yar'uwarta abin da aka taɓa jiƙawa a gidansu.

Yunwar ta wuce ta bar mutane a watse. Kowane rani sai ka ga wasu sun gangaro daga arewa, miji da mata da 'ya'ya da tukunya ɗaya, su riƙa kwana a rumfunan kasuwa, ran kasuwa a tashe su. Shekara bai sake aure ba. Wata rana ya je wurin mai unguwa ya ce a ba shi fili a bayan kududdufi. Mai unguwa ya ce me zai yi da fili, shi da ba iyali? Ya ce ya gaji da tsallake ƙafafun mutane in zai je masallaci. Dalilin da ya bayar ke nan, bai kuma taɓa ba da wani ba.

Haka gayyar Shekara ta fara. Da an gama girbi yakan bi gida-gida. Wannan ya ba da kara, wancan shuci, mai jaki ya ɗauko ƙasa, mata su kawo ruwa, samari su yi tubali su shanya. In kaya sun haɗu sai a sa rana, a kira makaɗi, a tayar da ɗaki mai jinka ga iyalin da ba su da wurin sa haƙarƙari. Ba ya karɓar ko goro. Godiya ma ba ya so. Wanda ya zo yi masa ita yakan koma da faɗan cewa ya bar awaki na gogar bangon da aka sha wahala a kai.

Ni ban ga farkon abin ba. Ina yaro aka kai ni lakwal, makarantar Nasara, daga Damagaram har Wagadugu, ban dawo ba sai da gemu ya fara fito mini. Ran da na je ganin gayyar da ake ta ba ni labari, ina tsaye ina tambayar wa ke raba aiki, wa ke lura da kaya, sai ya ɗago ya ce, "Kai ɗan lakwal, a garin da ka fito da baki ake kwaɓa ƙasa? Cire takalmin nan ka shiga." Na shiga. Har yau ban sami hanyar fita ba.

Akwai abu ɗaya da kowa ya sani game da gayya: mai ita ke ciyarwa. Ka kira mutane su yi maka aiki, ka fito musu da tuwo daga cikin gidanka, an yi zumunci, gobe kai ma a kira ka. In kuwa wani ne ya ciyar da su, to ba gayyarka ba ce, sadaka aka yi maka. Waɗanda Shekara ke yi wa gini ba su da na bakinsu, balle na jama'a, saboda haka aka sami dabara. Ana gobe gayya Tata za ta bi ta wajen matar mai gayyar da tulu a ka kamar ta kawo ruwa, tulun kuwa cike da gero. Wata ta biyo da daddawa a ƙunshe cikin haɓar zane. Kashegari hayaƙi ya tashi daga murhun matar, mijinta ya fito da akushi ya ce, "Jama'a ku yi haƙuri, ba yawa." Kowa ya san inda geron ya fito, kowa ya ce, "Madalla mai gida, an gode." Da na dawo sabo-sabo na ɗauki wannan ɓata lokaci ne. Na daina ɗaukarsa haka a ranin da Illa ya zo.

Illa mutumin Damargu ne, dogo, siriri, ba ya son yawan magana. An ce a da yana da shanu da rumbuna, cuta ta shiga dabbobin, fara ta cinye gonar. Ya iso da matarsa Fadima a ƙarshen rani, lokacin da Shekara ya riga ya gama ginin shekarar, da tabarma da tukwane biyu. Fadima na da ciki ya tsufa. Tata ta dube ta sau ɗaya ta tafi wurin Shekara ta ce yarinyar nan da ruwan farko za ta haihu, kuma ba a wankan jego a rumfar mai gishiri.

Shekara ya yi ƙunƙuni ya ce shi ba bawan kowa ba ne, kashegari kuwa yana bayan kududdufi yana zana da'irar ɗaki da ƙafa. Sauran tubalin da aka rage na nan. Matsalar ita ce lokaci, domin labari ya zo cewa gardin kwamandan, dogarin Nasara, na tafe zai ɗebi samari zuwa aikin hanya. Shekara ya ce ba shi da kwanakin da za a yi ta zirga-zirgar tulu. Ya je wurin Lawwali bafatake, mutumin kirki mai son a san ya yi, ya ce masa a tuƙa tuwon a gidansa a kawo. Bai shawarci Tata ba, don ya san abin da za ta ce.

Ran gayya aiki ya yi kyau. Kafin rana ta take, bango ya kai ƙugu. Illa da kansa yana cikin masu miƙa tubali, har an ga haƙoransa. Sai ga mata sun fito daga gidan Lawwali a jere, akusa a ka, sun bi ta tsakiyar gari kowa na gani. Kadiri makaɗi, wanda bai taɓa ganin tuwo ya yi shiru ba, ya juya gangarsa ya tarye su.

"Lawwali na Mariyama, rumbu ba ka da murfi! Ya ciyar da gayya, ya rufa asirin baƙo! Illa bai shuka ba ya girba, Fadima ba ta daka ba ta tuƙa!"

Illa ya ajiye tubalin da ke hannunsa a hankali, kamar ƙwai.

"Baba Shekara, tuwon wa ke nan?"

"Tuwon ci. Wanke hannu."

"Na ce na wa ne?"

"Na wanda Allah ya hore wa. Ina ruwanka da tukunyar da ya fito?"

"A garinmu mai gayya ke ciyarwa."

"Garin naku ne ai ya sako ka da tabarma ɗaya."

Na ga Tata ta rufe ido. Illa ya miƙe, gangar ta mutu da kanta.

"Gaskiya ne, Baba," in ji shi. "Da tabarma ɗaya na zo. Amma ban zo ina miƙa hannu ba. Jama'a, na gode, Allah ya saka. Ku sauka daga ginin nan."

Aka yi ta ba shi baki, ya ƙi. Lawwali ya tsaya yana rantsuwa shi alheri ya nufa. Kadiri ya ce shi kaɗi aka kira shi ya yi, ya kuma yi. Aka mayar da akusan yadda aka kawo su, ta tsakiyar gari, wannan karon ba kiɗa. Illa ya ɗauko taɓarya zai rushe abin da aka gina, Fadima ta je ta zauna ta jingina da bangon ta ce ya rushe a kanta. Ya ajiye taɓaryar.

Tata ta sami Shekara yana wanke ƙafa. "Kai da ka tsufa a aikin nan, yau ka manta ta inda hatsi ke shiga gidan talaka?"

"Gardi na tafe. Ina na ga lokacin wasan ɓuya?"

"To ga lokacin nan, ka samu. Sai ka yi ta ado da shi."

Gardin ya zo, ya tafi da samari. Aka bar tsofaffi da masu furfura a gemu, da ni da aka ƙyale saboda ina yi wa mai gari tafinta. Daga nan muka shiga kwanakin da in na tuna su har yanzu raina ke ɓaci.

Illa ya ce shi zai ƙarasa ɗakinsa. Da safe ya tafi daji ya yo itace, Fadima ta sayar su sami na fura, da rana ya kwaɓa ƙasa ya yi tubali. Bai taɓa gini ba, makiyayi ne. Shekara kuwa ya rantse ba zai sake taka filin ba, kuma bai taka ba. Sai dai kullum da la'asar yakan zo ya tsaya a kan hanya, daidai inda filin ya ƙare, ya juya wa Illa baya, ya yi magana da duk wanda ke wucewa, ko da akuya ce.

"Ka ga wani jaki yana ɗora sahu kan ɗanyen sahu! Ba zai bari ya sha iska ba?"

Kashegari sai ka ga Illa ya bar bangon ya bushe.

"Ƙasa ba ciyawa a ciki! Wannan kunu ake damawa ko gini?"

Kashegari Illa na yayyanka ciyawa cikin kwaɓi. Ko sau ɗaya ba su dubi juna ba. Bangon ya tashi, ya ɗan karkata wajen gabas, amma ya tashi. Illa ya yi tafiya mai nisa ya yanko shuci, ya ɗaura tsaikon jinka da tanka a ƙasa kusa da bangon, ya baibaye shi, Shekara na kan hanya yana gaya wa sararin Allah cewa tankar nan ko kaza ba za ta riƙe ba. Jinka ta ƙare. A nan aikin mutum ɗaya ya tsaya, domin ba mai ɗaga jinka shi kaɗai ya ɗora a kan bango.

Sai ga ɗaki ba rufi, ga rufi ba ɗaki, suna kallon juna. Illa ya tokare gefen jinkar da gwafa, suka kwaso tabarmarsu daga kasuwa suka koma ƙarƙashinta. Mutane suka sa wa wurin suna akurkin Illa. Na ga Fadima da idona tana rarrafe da cikin nan tana shiga, a ƙasan da ruwan unguwa ke bi in zai gangara kududdufi. Ɗagawar ba ta fi a sha fura a tashi ba. Amma Illa ba zai kira mutane ba sai da abin da zai ba su, abin da yake samu kuwa bai wuce na yini ba, ga hatsi ya yi tsada kamar kowace bazara.

An gwada duk wata dabara. Tata ta zo da tulunta, Illa ya tare ta a bakin fili ya ce, "Inna, bari in sauke miki," ya leƙa ciki, ya ɗauka ya mayar mata har ƙofar gidanta. Lawwali ya aika a ce masa yana neman mai tufka igiya zai biya da gero, Illa ya ce a gaya masa igiyar da ke rataye a zaurensa ta isa ta ɗaure raƙuman Damagaram duka. Ni ma na je. Na yi masa bayani mai tsawo a kan ruwa da bango da mace mai ciki. Ya saurare ni da ladabi har na gama, ya ce, "Malam, in aka ce ɗana a ɗakin sadaka aka haife shi, da ganga aka faɗa, wa zai kankare masa?"

Na koma wurin Shekara na ce ya je ya ce ya yi kuskure, magana ta ƙare.

"Ni? In yi masa rabin ɗaki, in kuma ba shi haƙuri?"

"To bari mu jira ya tafi daji, mu taru mu ɗora. Kafin ya dawo an gama."

Ya dube ni kamar na ce a yi sata. "Wanda ya taɓa jinkar nan ba a kira shi ba, ni da shi ne. Ka rufa wa mutum ɗaki a bayan idonsa, ya zauna ciki kamar wanda aka ajiye? Abin da aka koya maka ke nan a can?"

Wato ba zai ba da haƙuri ba, ba zai kuma bari a ɗora ba. Na gaya wa Tata, ta ce, "An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ba a ce kai biyu masu tauri za su ɗauka ba."

Hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma yana watsewa. Wata rana ya zo da iska da ɗan yayyafi, bai isa shuka ba, amma ya isa ya lashe saman bangon Illa. Kowa ya san abin da ke tafe. Ran da ruwan gaske ya sauka, bangon da ba rufi zai koma ƙasar da ya fito, ruwa ya bi ta ƙarƙashin jinkar, kuma ba za a sami ko mutum ɗaya a gari ba, duk suna gona. Da safe Shekara ya wuce da wata tsohuwar zana ya wurgar a kan hanya yana cewa ta ishe shi, tarkace ne. Illa ya jira ya ɓace, ya ɗauka ya rufe inda ruwa ya ci. Iyakar sulhun da suka iya ke nan.

Fadima ce ba wanda ya tambaya. Tun ran yayyafin aka riƙa ganinta tana fita daji da ƙwarya, tana tafiya tana hutawa, ta dawo da ita a rufe. Sai aka ga tukwanenta biyu cike da jiƙo, tana zubar da ruwan tana sake wani. Tata ta riƙa kawo mata ruwa, Illa ya leƙa tulun ya ga ruwa ne na gaske ya ƙyale. Matan unguwa suka gane abin da ke cikin tukwanen tun daga warin ruwan da ake zubarwa.

Ina zaune a ƙofar Shekara ran da ta zo. Ta durƙusa da ƙyar, hannu ɗaya a ƙasa.

"Baba, ina wuni."

"Tashi, tashi, kada ki haihu mini a ƙofa. Mene ne?"

"Mai gidan ne ya ce in gaya maka gobe yana gayya."

"Shi ya ce, ko ke kika ce?"

"Na ce, ya ce to."

"Me za a ci?"

"Abin da ke gidanmu, Baba."

Ya daɗe yana kallonta. Na tabbata ya sani, domin ba abin da ke faruwa a filin nan da ba ya gani. Ya ce, "A gaya wa Kadiri in ya zo da ganga zan fasa ta a kansa."

Kashegari da hantsi muka taru, duk wanda gardi ya bari. Dattawa ne akasari, mutanen da suke magidanta a shekarar yunwa, kowannensu ya haƙa kabari a cikinta. Illa ya ce sai an ci kafin a ɗaga, wataƙila don kada wani ya zame bayan aiki. Ya shimfiɗa tabarmarsa ɗaya, ya fito da ƙwarya biyu, ya ce, "Jama'a ku yi haƙuri, ba yawa." Ya buɗe faifan.

Anza ce, dafaffiya, da ganyen yaɗiya da ɗan gishiri.

Ba wanda ya ce madalla. Wani dattijo ya kawar da kai ya tofar da yawu. Lawwali ya ja rigarsa ya ce a hankali, "Haba Illa. Ka mayar mini da tuwon gero, ka kira ni ka ba ni wannan? Me muka yi maka?" Wani ya ce shi ya yi alkawari da Ubangijinsa ba zai sake sa ta a baki ba. Aka fara neman takalma. Illa na tsaye, fuskarsa ba ta motsa ba. Fadima na daga bayan jinka. A gabas kuwa sama ta yi baƙi tun da safe.

Sannu a hankali idanu suka koma kan Shekara, domin kowa ya san a gidan wa anza ta fi yin ɓarna. Da ya tashi ya tafi, ba mai ganin laifinsa, kuma da an bi shi.

Ya zauna a bakin tabarmar. Ya wanke hannu, ya daɗe yana wankewa. Ya yi bisimilla, ya ɗiba, ya kai baki. Muna jin taunarsa.

"Ke Fadima."

"Na'am, Baba."

"Yaya kika yi da jiƙon?"

"Ban sauke ba sai da ɗacin ya fita duka. Kullum ina ɗanɗanawa."

Ya haɗiye. "Mu ba mu jira ba," in ji shi. Ba da ita yake ba, ba da mu ba. Ya sake ɗiba. Sai kuma ya ɗago, muryar nan ta dawo. "Gishirin gidan nan an binne shi ne? To ku kuma me kuke kallo? Mai gida ya fito da abinci kun tsaya kamar gumaka! Lawwali, zauna, cikinka bai fi nawa daraja ba. In ba ku ci ba, da wane ƙarfin za ku ɗaga mini jinka?"

Lawwali ya zauna. Wanda ya yi alkawari da Ubangijinsa ya ce zai yi kaffara, ya zauna. Na ci nawa rabon. Ba ta da ɗaci, ba ta kuma da daɗi, kamar wake ne da aka manta da shi a ruwa. Wani tsoho yana ci hawaye na bin gemunsa, ba wanda ya dube shi. Da ƙoren suka koma wayam, Lawwali ne ya fara cewa, "Madalla mai gida, an gode," sauran suka amsa.

Muka kewaye jinkar, wasu suka shiga ciki da gwafanni. Shekara na ihu, "Ku ɗaga! Ba ku ba, na yamma! Kai ɗan lakwal, kafaɗa aka ce, ba yatsa ba!" Tsofaffin ƙasusuwa suka yi ƙara, jinka ta tashi, ta yi lilo, ta zauna. Da yake bangon a karkace yake, ita ma ta zauna a karkace, kamar hular ɗan kasuwa. Shekara ya zagaya yana dubawa ya ce bai taɓa ganin mummunan ɗaki irin wannan ba. Illa ya ce, "Wanda ya koya mini ginin ne bai iya koyarwa ba, baya yake juya wa mutum."

Hadarin ranar ya watse. Ruwan bai sauko ba sai bayan 'yan kwanaki, ya kuma zo da ƙarfinsa, ya bi ta daidai inda jinkar take a da, ya tafi da gwafar da aka manta a wurin. Ana cikin shuka Fadima ta haifi 'ya mace a cikin ɗakin, aka sa mata A'ishatu. Tata ta ce ta gabas yana ɗan yoyo, ta sa ƙwarya. Shekara ya ce laifin tankar Illa ne. Illa ya ce laifin masu ɗorawa ne. Ba su gama wannan shari'a ba har yau.

Tun daga shekarar Shekara ya kafa doka, ba tare da ya ce ya taɓa yin kuskure ba: ba tulu, ba tuwon attajiri, abin da ke gidan mai gayya, shi za a ci. Tata ta ce ai tulun bai yi wa kowa laifi ba, ya ce ba a tambaye ta ba. Ban ƙi dokar ba, amma ni ne nake cin sakamakonta. A gayyar Shekara na ci tafasa ba gishiri, na sha kunun dusa, na ci goruba da ruwa. Geron da masu hali ke bayarwa yanzu sai bayan an rufa ɗaki ake kai wa matar, a matsayin barka da shiga, wanda ba mai iya mayarwa.

Ya tsufa, ba ya iya hawa bango, amma bakin na nan. Illa ne ke ɗora masa tubali yanzu, yana kuma karkatar da kowane bango wajen gabas, suna faɗa a kai kowane rani. Ɗakin Shekara kansa jinkarsa ta ruɓe tun bara, ana ganin sama daga kan gadonsa. Kwanan baya na ce masa ya sa rana mu zo mu sake ta kafin ruwa.

"Ka ga hayaƙi na tashi a gidan nan?" in ji shi. "Wa zai dafa?"

Na ce Fadima ta ce za ta dafa.

"A murhun wa?"

Na tashi na bar shi. Tata ta ce in ƙyale shi ruwa ya fara dukansa tukuna. Hadari kuwa ya soma haɗuwa tun shekaranjiya.